Cuku da Gasasshen Burodi, da Sha'anin Karin Kumallo na Gaggawa

Tun wajen shekarar 2023 wani abincin safe ya yi tashe a Amurka da Ingila, har labarinsa ya biyo wayoyin hannu ya iso mana, wasu daga cikin matasanmu ma'aikata suka fara cigiyarsa a manyan kantunan birane. Abin kuwa ba kome ba ne face yankan burodi da aka gasa ya yi ƙamas, aka ɗora masa wani farin ɗanyen cuku mai gudaji-gudaji wanda masu shi ke kira kotej, sa'an nan aka yaryaɗa zuma, ko aka jera tumatir a kai aka barbaɗa barkono. Masu yabonsa suna kafa hujja da abu biyu, watau cewa yana gina jiki, kuma cewa kafin ruwan shayi ya tafasa an gama haɗa shi. Hujja ta farko gaskiya ce wadda ba ta da jayayya. Ta biyun ita ce nake so mu tsaya a kanta da tsanaki, domin a ganina an faɗi rabin magana ne an bar rabi, kuma rabin da aka bari shi ne ya shafe mu.

Ya kamata mai karatu ya sani tun da fari cewa wannan cuku, wanda yau ake ɗaukar hotonsa a faranti mai ƙyalli, asalinsa abincin manoma ne masu ƙaramin ƙarfi. Matar manomi a Turai da Amurka, idan ta yaɗe man da ya taso a kan madara domin ta kaɗa shi ta sayar, sai ragowar madarar, wadda ba ta da daraja a kasuwa, ta zauna ta yi tsami ta kama jikinta; maimakon a zuba wa dabbobi, sai a ɗan ɗumama ta, a zuba a ƙyalle a rataye ruwan ya tsiyaye, a sa gishiri a ci. Bai fita daga gidajen ƙauye ya zama hajar masana'antu sosai ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da Ma'aikatar Gona ta Amurka, a 1918, ta buga takardun talla tana kwaɗaitar da jama'a su ci shi a madadin nama, domin a tara naman a aika wa mayaƙa. Daga nan ya yi ta hawa, har a farkon shekarun 1970 ya zama abin da Ba'amurke guda ke ci a shekara ya haura kilo 2, akasari da sunan rage ƙiba. Shugaba Richard Nixon ya shahara da sonsa, kuma abincin ranar da aka kai masa ranar 8 ga Agusta 1974, ranar da ya sanar da murabus ɗinsa, cukun nan ne a kan yankan abarba da kofin madara. Bayan wannan zamani sai yogot mai zaƙi ya ƙwace masa kasuwa, cinsa ya faɗi ƙasa da kilo 1 a shekara, ya zama abincin tsofaffi da masu jinya, har sa'ad da neman sinadarin furotin ya zama yayi, 'yan TikTok suka tono shi suka yi masa sabuwar riga.

Shi ma gasasshen burodin yana da nasa tarihin, kuma a nan ne maganar sauri take. Kafin a ce mutum ya gama haɗa karin kumallo cikin minti biyar, sai da wani Ba'amurke mai suna Charles Strite ya yi rajistar na'urar gasa burodi mai cillo shi waje da kanta a 1921, sai da Otto Rohwedder ya ƙera injin yanka burodi, wanda aka fara sayar da aikinsa a garin Chillicothe na jihar Mizuri a 1928. Sai da aka samu masana'antar da ke dafa madara ta kashe ƙwayoyin cuta, da motoci masu sanyi da ke kai cukun kanti, da kantin da wutarsa ba ta ɗaukewa, da firijin gida wanda ke riƙe sanyin digiri 4 dare da rana. Ashe ke nan minti biyar ɗin da ake alfahari da su ba su ne adadin aikin ba. Aikin an riga an yi shi a wani wuri, da hannun wasu mutane, an tanade shi a cikin roba, mai gida ya zo ya buɗe kawai. Wanda ya kwaikwayi farantin alhali ba shi da wannan silsila a bayansa, ya sayi robar cuku da aka ƙetaro da ita teku da tsadar da za ta ciyar da gida yini guda, ya ajiye ta a firijin da wutarsa ke zuwa sa'ad da ta ga dama, a cikin zafin watan Afrilu, lalle ya sayi ciwon ciki da kuɗinsa. Cuku ne ɗanye, mai ruwa, wanda ba a busar ba kuma ba a jiƙa a gishiri ba; irinsa ba ya haƙuri da zafi ko na rabin yini.

Da wannan sai wani ya ce, to, a bar wa masu shi abinsu mana, mu da Allah ya hore wa koko da ƙosai. Ina tare da mai wannan magana a wani ɓangare, domin ban san wani karin kumallo da ya fi koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko waina da miyar taushe, dacewa da jikin mutumin ƙasar nan ba. Wake da gyaɗa suna ɗauke da abin da ake nema a cukun, kuma kakanninmu sun haɗa su da hatsi tun ba a san sunan furotin ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ba koko da ƙosai ne abin da yawancin gidajen ma'aikata ke karyawa da shi ranakun aiki ba. Ƙosai yana bukatar jiƙa wake da surfe da kai niƙa da suya, ko kuwa a aiki yaro ya bi layi wajen mai suya, alhali makaranta tana rufe ƙofa da ƙarfe takwas saura, uwa kuma ita ma tana da wurin aikin da za ta sa hannu a rajista. Abin da ya cike wannan gurbi, tun shekaru masu yawa, shi ne shayi da burodi: ruwan zafi, da sukari cokali uku ko huɗu, da ɗan garin madara da bai wuce ya sauya launin ruwan ba, da farin burodi wanda shi kansa an zuba masa sukari. Wannan ciki ne kawai ake rufewa. Kafin hantsi ya dubi ludayi yunwa ta dawo, yaro yana hamma a aji, babba kuma, idan akwai ciwon sukari a zuriyarsu, yana yi masa shimfiɗa kowace safiya. Da shayi da burodi nake gwada cukun nan, kuma a wannan gwaji rinjayensa a fili yake. Giram 100 na kotej yana ɗauke da furotin kimanin giram 11, watau kusan abin da ƙwai biyu za su bayar, kuma furotin ɗin madara irin wanda ke daskarewa ya zama cuku yana jinkirin narkewa a ciki, shi ya sa wanda ya ci shi yakan daɗe bai nemi wani abu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a cikin sha'anin nan shi ne yadda muke kallon abin a matsayin baƙo, alhali kuwa asalin kayan haɗinsa yana zagaya unguwanninmu a ƙwarya kowace rana. Bafillatana idan ta bar madara ta kwana ta yi kindirmo, ta kaɗa ta kwashe man shanu, abin da ya rage, nonon da ake dama fura da shi, shi ne ainihin abin da matar manomin Turai ta fara yin cukunta da shi. Abin da ya rage tsakaninsa da kotej ɗumi ne da ƙyalle da gishiri. Ba kuma a ce sana'ar cuku ba ta taɓa zuwa wannan yanki ba. Fulanin arewacin Benin da Togo da Gana suna yin wagashi, suna daskarar da madara da ruwan tumfafiya, su rina bayansa ja da karan dafi, kuma duk wanda ya zauna a Zango a Kumasi ko Ankara ya ci shi soyayye. Irinsa ne Fulanin Ilori da Oyo ke sayarwa da sunan wara. Buzaye da Fulanin Nijar, a wajejen Tawa da Abalak da Agadas, suna yin cuku mai faɗi su shanya shi a kan tabarmar kara har ya bushe, ya yi watanni bai lalace ba, matafiyi ya sha shayi da shi ko a daka shi cikin fura. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Azhar sun san ƙarish, farin cukun manoman Masar, wanda ake yi da madarar da aka cire wa mai, a tsiyaye shi a tabarmar iwa, a ci shi da safe da gurasa da tumatir da man zaitun. Wannan kam ɗan'uwan kotej ne na jini. 'Yan'uwanmu mazauna Sudan kuma ba sa rabuwa da farin cukun garin Duwaim a kan dafaffen wakensu da suke kira ful. Sai mu, a tsakiyar ƙasar shanu, muka wayi gari idan an ce awara ba abin da ke zuwa zuciya sai ta waken suya.

Tun da an ambaci cukun da ake shigowa da shi daga ƙasashen da ba na Musulmi ba, ba zai yiwu a wuce wata mas'ala da malaman fiƙihu suka daɗe da tattaunawa ba. Cin cuku a kan kansa halal ne ba tare da saɓani ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Inda saɓanin yake shi ne infaha, watau abin da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan akuya mai shan nono domin a daskarar da madara, idan dabbar ba a yanka ta bisa shari'a ba. Imam Abu Hanifa yana ganin tsarkinta, haka nan wata ruwaya daga Imam Ahmad wadda Ibn Taimiyya ya rinjayar, yana mai kafa hujja da cewa Sahabbai sun ci cukun Majusawa bayan an buɗe Iraƙi. Mashhurin mazhabar Malik, wadda ita muke bi a nan, da ta Shafi'i, suna ɗaukar ta a matsayin wani yanki na mushe. Masana'antu da yawa a yau sun koma ga madadin da ake samu daga ƙananan halittu, ba daga dabba ba, amma ba kullum ake bayyana wannan a jikin roba ba. Wanda ya yi nasa a gida da lemun tsami ya fita daga saɓanin gaba ɗaya, kuma fita daga saɓani, kamar yadda malamai suka tabbatar, abin so ne.

Yadda ake yin sa kuwa ba shi da wuya, sai dai aikin dare ne, bayan sallar isha'i, ba aikin safiya ba. Matsayinsa a gida matsayin ɗumame ne, wanda saurinsa da safe ya samu ne daga tuƙin da aka yi jiya. A samu madarar shanu lita 1, a tace ta, a ɗora a wuta ana juyawa har ta tafasa sosai. Wannan tafasawa ba abin sakaci ba ce, domin tarin fuka na shanu da cutar nan da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari, duka suna iya shiga jikin mutum ta ɗanyar madara. Idan ta tafasa a sauke, a bar ta ta ɗan huce kaɗan, sa'an nan a zuba ruwan lemun tsami cokali biyu ko uku na cin abinci, ko kuwa kofi guda na nono mai tsami wanda aka amince da tsabtarsa, a juya sau ɗaya a hankali, a rufe a ƙyale ta kamar kwatan awa. Mai yi zai ga madarar ta rabu biyu, farin gudaji yana yawo cikin ruwa mai ɗan launin ɗorawa. Idan ruwan har yanzu fari ne, tsamin bai isa ba, a ƙara kaɗan. Sai a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta, irin na tatar koko, a kan rariya, a juye, a bar ruwan ya tsiyaye, a ɗauraye gudajin da ruwan sha mai sanyi domin a rage tsamin lemun. Kada a matse shi da ƙarfi ko a danne shi da dutse, domin idan an yi haka ya zama ƙullun awara, ya rasa laushin da ake so. A sa gishiri kaɗan, a kawo kindirmo cokali biyu a cuɗanya. Wannan shi ne sirrin na kanti, domin su ma bayan sun wanke gudajin sukan mayar masa da ɗan man madara. Lita guda takan ba da abin da bai kai giram 200 ba, wanda zai wadaci mutum biyu. Ruwan da ya tsiyaye kuma zubar da shi israfi ne: a dama kunu da shi, ko a kwaɓa fulawar fanke.

Na gida yana da wata falala a kan na kanti wadda masu hawan jini ya kamata su lura da ita, watau gishirinsa a hannun mai yi yake, alhali na roba yakan zo da gishiri mai yawa wanda harshe ba ya ji saboda sanyi da laushinsa.

Gashin burodi ba ya bukatar na'ura. Busasshen kasko a kan risho ko garwashi ya wadatar, minti biyu kowane gefe, kuma burodin jiya wanda ya fara tauri ya fi na yau kyau a wannan aiki, domin sabo yakan lanƙwashe ya manne. Hikimar gashin ita ce cukun yana da ruwa, idan aka ɗora shi a kan burodi mai laushi sai ya jiƙe ya zama kwaɓaɓɓe tun ba a kai baki ba. Saboda haka a ɗora a ci nan take. Game da abin da za a sa a kai, Amurkawa suna son 'ya'yan itace iri-iri masu tsada da ba sa fitowa a ƙasarmu, ni kuwa ban ga abin da ya kai yajin ƙuli-ƙuli ba, da yankan tumatir da albasa, da ɗigon man gyaɗa. Cukun ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi na kansa, sai abin da aka ba shi, kuma yaji yana ba shi abin da ya rasa. Yara sukan fi son zuma, ko dabino da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka, ko ayaba. Mutanen Kano ma ba su da bukatar burodin: gurasa, wadda suka saba shafewa da ƙuli da mai su yi bandashe, ta fi yankan burodi ƙarfin ɗaukar kaya, kuma sukarinta bai kai nasa ba.

Akwai suka guda da ban iya kawar da ita da sauƙi ba, kuma adalci ne a kawo ta. Alkamar da ake yin burodinmu da ita kusan duka daga waje take zuwa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da ita a 1987 da fatan gonakin rani irin na Kadawa su cike giɓin, ba su cike ba, aka janye hanin a 1992. Madarar ma haka: saniyarmu fara, Bunaji, abin da ake tatsa daga gare ta a yini bai cika wuce lita 1 zuwa 2 ba bayan maraƙi ya sha, alhali ta Holan tana ba da fiye da lita 20, shi ya sa gwangwani da leda suka mamaye kasuwa, kuma da yawa daga cikin garin da ake sayarwa da arha an cire masa man madara an maye gurbinsa da man itace. Idan rani ya tsananta, shanu suka yi kudu, ko rashin zaman lafiya ya tashi rugage kamar yadda ya faru a Zamfara da Katsina da wasu sassan Kaduna, nono yakan yi wuya ya yi tsada, wasu masu talla su ƙara masa ruwa su kaurara shi da garin 'ya'yan kuka, irin wannan kuwa ko an tafasa shi ba ya ba da gudajin kirki. Mai suka zai ce, ashe ke nan kana kiran mutane ga abincin da samansa da ƙasansa duka na jirgin ruwa ne.

Amsata ita ce burodin ya riga ya shiga gidajenmu, ba ni na kawo shi ba, kuma ba maƙala ce za ta fitar da shi ba. Abin da ke hannunmu shi ne abin da za a ɗora a kansa. Kuɗin da ake kashewa a kan bota ta roba da garin madara da sukari, idan wani kaso daga cikinsa ya koma ƙwaryar mai nono, ya tsaya a cikin ƙasa, ya je hannun matan da cinikin nono shi ne dukiyarsu ta kansu. Da damina, sa'ad da ciyawa ta yalwata, madara takan yi yawa a ruga har ta rasa mai saye, domin ba sanyin da za a ajiye ta kuma hanya ta lalace. A wannan lokaci ne ya fi cancanta magidanci ya ƙulla alkawari da mai nono guda wadda ya sani, ta riƙa kawo masa madarar da ba a taɓa ba, ya biya ta farashin da ya fi na nono, tun da bai bar mata man da za ta kwasa ba. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, da sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024, da za su koya wa ƙungiyoyin matan makiyaya wannan ɗan aiki tare da tafasa madara da tsabtar ƙyalle, da sun yi abin da ya fi taron bita amfani.

Da rani kuwa, wanda bai samu ta shanu ba yana iya dama garin madara mai cikakken mai ya yi da shi, zai kama, ko da yake gudajinsa ƙanana ne kuma lissafin kuɗin ba ya fita sosai. Wanda ke da firiji mai aiki yana iya yin na kwana uku a lokaci guda, ya rufe a kwano mai murfi. Wanda ba shi da shi ya yi daidai na gobe kaɗai, ya ɗan ƙara gishiri, ya rufe kwanon ya ajiye a gindin randa, a cinye shi da sassafe. A watannin Maris da Afrilu da Mayu kuma, sa'ad da dare kansa ba ya sanyi, gara ya tafasa madarar da dare, ya sake ɗumama ta bayan sallar asuba ya zuba tsamin, ya bar ta tana tsiyaya yayin da yara ke wanka.